Ana cewa wahala tana ƙara bangaskiya, ni kuwa tawa raguwa take yi

Filin tambayoyin masu karatu

TAMBAYA

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekarata 34, aurena shekara 7. Sau uku ina samun ciki yana zubewa, na ƙarshen watansa biyar. Ana cikin haka aka sallami maigidana daga aiki, yau shekara biyu ke nan yana nema bai samu ba. Da can ni nake ta da gidanmu addu'ar asuba, ina azumi, ina koyar da yara ran Lahadi. Yanzu in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi, in rasa abin faɗa. Wani lokaci ma haushin Allah nake ji, sai tsoro ya kama ni. Duk wanda na gaya wa sai ya buɗe mini Yakubu sura 1, wai in yi farin ciki domin gwaji yana ƙara bangaskiya. Wata dattijuwa a majami'armu kuma ta ce in binciki kaina, ƙila akwai zunubin da ban tuba ba. Mama, ki gaya mini gaskiya, girma nake yi ko faɗuwa?

'Yarki cikin Ubangiji

AMSA

'Yata, sannu. Allah ya ta'azantar da ke da maigidanki. Na lura cikin nan uku a layi ɗaya kika ambace su kika wuce, kamar wadda aka koya wa kada ta daɗe a kan maganar. 'Ya'ya uku kika rasa. Ko babu wanda ya zo miki gaisuwa a kansu, makokinki makoki ne, kina da ikon yinsa.

Bari in fara sauke miki kayan da dattijuwar nan ta ɗora miki, don shi ne mai sauƙin saukewa. A Yahaya sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. A Luka sura 13 shi da kansa ya ɗauko zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu suka mutu, ya ce kada kowa ya zaci sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, wannan wa'azin na dattijuwarki suka yi ta yi masa sura bayan sura, wai ba a wahala haka kawai, lallai akwai abin da ya ɓoye. Da aka kai sura 42, su Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba yadda bawansa Ayuba ya faɗa, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. In akwai zunubin da kika sani, ki furta shi, 1 Yahaya 1:9 ta ce za a gafarta. In kuwa kin duba ba ki ga komai ba, ki daina tono. Uba ba ya hukunta ɗansa shekara da shekaru ya kuma ƙi gaya masa laifinsa.

Kafin in manta, ki je wurin likitan mata. Ciki in ya zube sau biyu ko uku a jere, akwai abubuwan da ake bincika: ciwon suga, matsalar ƙwayar maƙogwaro da ke sarrafa ƙarfin jiki, jini mai saurin daskarewa, da raunin bakin mahaifa. Wannan na ƙarshen yakan sa ciki ya zube a wata huɗu ko biyar, kuma likitoci suna iya ɗaure bakin mahaifar da ɗinki har cikin ya isa haihuwa. Ban ce shi ne naki ba, likita ne zai faɗa. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus ma haka ya kira shi a Kolosiyawa 4:14. Zuwa asibiti bai taɓa rage wa kowa bangaskiya ba.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Zan ba ki labarina, domin a nan ne kawai nake da bakin magana.

Maigidana ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki ina da shekara 46. Shekara huɗu ya yi a kwance kafin Ubangiji ya ɗauke shi. Shekarar farko na yi ta da ƙarfina: azumi, kwanan addu'a, ayoyin warkarwa a rubuce na manna a bangon ɗaki. Na tabbata zai tashi, har na shirya shaidar da zan bayar a gaban ikilisiya, na san ma inda zan tsaya in yi kuka. Shekara ta biyu ƙarfin ya ƙare. Aikina ya koma juya shi duk bayan sa'a biyu don kada bayansa ya yi gyambo, wanke zannuwa, ba shi abinci da cokali yana zubowa ta gefen baki. Addu'ata ta yi ta tsukewa har ta koma kalma uku: Ubangiji, ka gani. In na tashi cikin dare zan juya shi sai in faɗa, in koma in kwanta. Na yi wata da watanni ban buɗe Littafi Mai Tsarki da marmari ba. In ana waƙar yabo a sujada, bakina yana motsi, zuciyata kamar dutse. Da a lokacin kika tambaye ni ko girma nake yi, da na ce miki na ja da baya, kuma da gaske nake.

Sai bayan rasuwarsa da kusan shekara uku na fara ganin abin da ya faru da ni. Matar da ta shiga jinyar nan mace ce mai amsa a baki. Ko wace irin matsala aka kawo mini ina da ayar da zan ba mutum kafin ya rufe baki, kuma can ƙasan zuciyata ina ganin waɗanda abu ya daɗe musu ba su iya addu'a ba ne. Ni ce dattijuwar majami'arku, 'yata, shi ya sa na gane ta. Wannan matar ba ta fito daga ɗakin jinya ba. Kuma ban san ranar da ta mutu ba, domin ina can ina wanke zannuwa.

Ki sake karanta Yakubun da suke buɗe miki, a hankali. Abin da ya ce gwajin bangaskiya yana haifarwa shi ne jimiri. Bulus a Romawa 5 ya jera su: shan wuya yana kawo jimiri, jimiri ya kawo tabbataccen hali, halin ya kawo sa zuciya. Jimiri ne a farko. Jimiri kuwa ba shi da daɗi a baki, mai yinsa gajiya kawai yake ji. Wanda ya ɗauki kaya mai nauyi a tafiya mai nisa bai taɓa jin wuyansa yana ƙarfi ba, ciwo yake ji. Ibraniyawa 12:11 ma ba ta ɓoye ba, ta ce a lokacin da ake cikinsa abin baƙin ciki ne, sai daga baya amfanin yake fitowa. Wannan "daga baya" yakan yi nisa. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. A tsakani akwai bauta, da ƙazafin matar Fotifar, da kurkuku, da shekara biyu cur da mai shayarwar sarki ya manta da shi. Maganar nan da muke so, cewa Allah ne ya aiko shi Masar don ceton rayuka, sai da aka yi shekara bakwai na ƙoshi da biyu na yunwa sannan ya faɗe ta. Ki lissafa, shekara 22 ke nan bayan rijiya. Mu kuwa muna so wadda ta yi ɓari watan jiya ta faɗi irinta yau.

Maganar haushin Allah da kike ji, na san ita ce ta fi tsorata ki. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 sau huɗu take tambayar Allah "har yaushe" a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ta fi tsanani: daga farko har ƙarshe babu inda haske ya ɓullo, da duhu ta rufe. Ruhu Mai Tsarki bai cire ta ba, ya bar ta a tsakiyar littafin waƙoƙin jama'ar Allah, ana rera ta a sujada. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa. Na'omi ta ce a daina kiranta Na'omi, a kira ta Mara, wato ɗaci, domin Mai Iko Dukka ya cika ranta da ɗaci. Yahaya Maibaftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun, da kurkuku ya yi masa tsawo sai ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan ko a jira wani. Yesu bai tsawata masa ba, a wannan zaman ne ma ya ce cikin waɗanda mata suka haifa babu wanda ya fi shi. Ubangijinmu kansa a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kira, yana tambayar Uba don me ya yashe shi.

Akwai bambanci guda da nake so ki riƙe. Isra'ilawa a jeji sun yi gunaguni, aka hukunta su. Ayuba ya faɗi abin da ya fi nasu zafi, aka ce ya faɗi gaskiya. Su a cikin alfarwansu suke zagin Allah a tsakaninsu, suna shirin naɗa shugaba su koma Masar. Shi kuwa Ayuba fuskarsa tana wajen Allah, da shi yake faɗan, shi yake nema ya fito su yi magana. Ina faɗin haka ne domin wahala ita kaɗai ba ta gyara kowa. Na ga waɗanda ta mayar masu taushin zuciya, na ga waɗanda ta mayar masu ɗaci har kabari, ba a iya zama kusa da su. A iya abin da na gani, masu ɗacin nan ba su ne suka fi yi wa Allah ƙorafi ba. Su ne suka daina yi masa magana gaba ɗaya, suka ci gaba da zuwa sujada da murmushi. Saboda haka in haushi ne abin da kike da shi, shi za ki kai. Ki buɗe Zabura 88 ki karanta da ƙarfi a matsayin addu'arki ta yau. In kalma uku ce ta rage miki kamar ni, ki faɗi ukun.

Ki kuma kula da jikinki. Iliya bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Ki duba 1 Sarakuna 19 ki ga abin da Allah ya fara yi masa. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Magana sai bayan kwana 40, a Horeb. Ki ajiye azumi tukuna, jikin da ya yi ɓari sau uku abinci yake bukata. In kuma barci ya ƙi, ko abinci ya fita ranki makonni, ko kika fara jin gara ki mutu, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, ki gaya wa likitan a zuwan nan. Charles Spurgeon, babban mai wa'azin nan na Landan, yana da shekara 22 a 1856 wani ya yi ihun gobara a zauren da yake wa'azi, aka yi turmutsitsi mutum 7 suka mutu. Daga nan baƙin ciki mai nauyi ya riƙa zuwar masa yana komawa har rasuwarsa a 1892, kuma bai ɓoye wa masu sauraronsa ba.

Abin da ba zan yi miki ba shi ne alkawarin haihuwa. Ina roƙa miki, da dukan zuciyata, amma ba a ba ni wannan maganar ba. "Bayan wuya sai daɗi" karin magana ce, ba aya ba ce. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da Bitrus cikin dare. Sura ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu, kuma ba a gaya mana dalili ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki ta wurin bangaskiya, ba ta ja numfashi ba ta ci gaba da waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuma ta zauna. Maigidana bai tashi ba. Shaidar da na shirya ban taɓa ba da ita ba.

To, girma kike yi ko faɗuwa? Ba ki da ma'aunin da za ki auna yanzu, ni ma daga nesa ba ni da shi. Abin da na gani a takardarki dai shi ne mace da ta rasa 'ya'ya uku, gidanta babu albashi shekara biyu, amma abin da ya hana ta barci har ta ɗauki alƙalami shi ne tsoron kada ta rabu da Allah. Wadda ta faɗi ba wannan ne damuwarta ba.

Ki nemi mutum ɗaya, ɗaya tak, wadda za ki iya gaya wa abin da kika gaya mini ba tare da ta buɗe miki aya ba. Tawa wata gwauruwa ce da ba ta iya karatu ba. Duk ran Talata takan zo, ta kwashe zannuwan da suka ɓaci ta wanke ta shanya, ta zauna kaɗan ta tafi. A shekara huɗu ban tuna ta yi mini wa'azi ko sau ɗaya ba. Sannan maigidanki. Shi ma 'ya'ya uku ya rasa, ga kunyar rashin aiki, kuma ina kyautata zaton babu wanda ya tambaye shi yadda yake ji. Ki tambaye shi.

TAMBAYA

Mama, ni nawa da bambanci. Na ci bashi na zuba a wata harka da aka yi mini alkawarin riba mai yawa, ban gaya wa matata ba. Kuɗin sun nutse, masu bashi suna nemana, ita kuma har yau ba ta san yawan abin ba. Ina ta addu'a Allah ya fitar da ni daga wannan gwaji. Wani abokina ya ce harin Shaiɗan ne, in yi azumin kwana bakwai. Gwaji ne, ko horo, ko hari?

Ɗanki

AMSA

Ɗana, ka riga ka ba kanka amsa a layi na biyu. Bitrus ya raba wahala gida biyu a wasiƙarsa ta fari: wadda mutum yake sha saboda yin abin kirki, da wadda yake sha saboda laifinsa, ya ce ta biyun babu abin yabo a jure ta. Taka ta biyun ce. Kwaɗayi ya kai ka, ɓoyo ya tsare ka a ciki. Kada ka ɗora wa Shaiɗan, don muddin laifin nasa ne kai ba ka da abin gyarawa.

Wannan bai fitar da kai daga hannun Allah ba. Sarki Dawuda, sa'ad da annabi Natan ya tsaya a gabansa ya tona masa zunubinsa ya ce kai ne mutumin, bai kawo uzuri ba, ya ce na yi wa Ubangiji zunubi. An gafarta masa nan take, amma abin da ya shuka ya tsiro a gidansa shekaru da yawa, Zabura 51 kuma daga wannan ramin ta fito. Ana girma a irin wannan wahalar ma, sai dai ƙofarta gaskiya ce, kuma kai azumi kake so ka yi don ka kauce wa ƙofar. Azumin kwana bakwai ya fi maka sauƙi a kan zaman minti goma da matarka, na sani.

Ka rubuta duk bashin a takarda, sunan kowa da adadinsa, kada ka rage ko ɗaya. Ka zaunar da ita a wannan makon ka nuna mata. Za ta yi fushi, tana da gaskiya, kada ka ce mata ta yafe maka a ranar. Sannan ka je wurin masu bashin da ƙafarka tun ba su zo ba, ka gaya wa kowa abin da za ka iya biya da lokacin da za ka biya, ko kaɗan ne, kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. In akwai dattijo mai riƙon amana a ikilisiyarku, ka tafi da shi. Kada kuma ka ci sabon bashi don biyan tsoho. Bayan ka yi waɗannan, in kana son azumi ka yi.

TAMBAYA

Mama, ƙawata ta rasa mahaifiyarta da ƙaninta a hatsarin mota rana ɗaya. Ina son zuwa wurinta amma ina tsoron ban san ayar da zan karanta mata ba.

'Yarki

AMSA

Ki je ba aya. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne kaɗai abin da suka yi daidai, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki. Yesu ya san zai ta da Li'azaru cikin 'yan mintoci, duk da haka da ya ga Maryamu tana kuka shi ma kuka ya yi. Kada ki ce mata Allah ya san dalili, kada ki ce ta daina kuka. In ta ambaci sunansu ki bar ta ta yi ta ba ki labarinsu, ko sau goma ta maimaita. Ki duba abin da ke bukatar hannu a gidan ki yi ba sai kin tambaya ba. Yanzu gidan cike yake da mutane, bayan wata guda zai zama wayam. Ki sa ranar a wayarki, ki koma a lokacin.